Wayar Hannu Da Asirin Mai Ita

(Jawabin da aka shirya don karanta wa ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata.)

 

Maganar yau a kan wayar hannu ce, watau salula. A shekarar 2001 aka fara sayar da layukan GSM a Nijeriya. Daga nan waya ta shiga birni, ta shiga ƙauye, ta shiga har ruga. Da ita manomi ke jin farashin gero a kasuwar Dawanau kafin ya ɗora buhu a mota. Da ita yaron da ya tafi ci-rani Legas yake aiko wa mahaifiyarsa kuɗin cefane. Amfaninta kowa ya sani. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waya tana riƙe da asirin mai ita, kuma ba shi kaɗai ne yake iya kaiwa ga wannan asiri ba.

Dattawa za su tuna zamanin wasiƙa. Idan aka aiko wa mutum takarda, shi kuwa bai iya karatu ba, sai ya kai wa malamin makaranta ko ɗan maƙwabci. Kafin la'asar rabin gari ya san wanda ya aiko, da nawa ya aiko, da abin da ke damunsa. To, wannan matsala ba ta tafi ba. Riga kawai ta sake. Yau wanda bai iya karatu ba shi ke miƙa wayarsa a karanta masa saƙon banki. Shi ke faɗa wa mai POS lambar sirrinsa da baki, a gaban layin mutane, ya ce a danna masa. Saboda haka wanda ya koyi lambobi daga sifiri zuwa tara, ya kuma iya karanta gajeren saƙo, ya riga ya toshe babbar kafa.

Amma akwai waɗansu kafofin da karatu kaɗai ba ya toshewa. Ta farko ita ce ta kamfanin waya.

Waya ba ta aiki sai da ƙarfen sabis, dogon ƙarfen nan mai jar fitila a ka da ake kafawa a bakin gari. Muddin waya tana kunne, tana gaisawa da ƙarfen da ke kusa da ita, ko da mai ita barci yake yi. Idan ya tashi daga ƙauyensu ya tafi cin kasuwar Wudil ran Juma'a, wayar za ta saki ƙarfen garinsu ta kama na gaba, ta saki wannan ta kama wancan, har ya isa. Ta haka kamfani ke iya gane yankin da mutum yake. A ƙauye, inda ƙarafan ke da nisa da juna, ƙiyasin yana da faɗi. A birni kuwa, inda suke kusa da kusa, ana iya ƙuntata shi ya dawo unguwa.

Kamfani kuma yana da rajista. A ciki akwai lambar da mutum ya kira, da ranar, da lokacin, da mintin da aka yi ana magana. Wannan rajista ba muryar mutum ba ce, amma kada a raina ta. Wanda ya ga lamba guda da ake kira kullum bayan sallar isha'i, ba sai ya ji hirar ba, ya fahimci wani abu. Dokar hana laifuffukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni su ajiye irin wannan rajista har shekara 2.

Waɗansu suna tsammanin idan suka cire layi suka sa wani, shi ke nan sun ɓace. Ba haka ba ne. Ita kanta wayar tana da tata lamba guda 15, ana kiranta IMEI. Wanda ya danna *#06# zai gan ta. Ko layi nawa aka sauya, wannan lamba tana nan. Shi ya sa sayen waya a hannun wanda ba a sani ba, ba kwali ba rasit, yake da haɗari. Idan ta sata ce, ko an yi aika-aika da ita, wanda aka same ta a hannunsa shi zai fara amsa tambayoyi.

Sai kuma maganar hukuma. A 2011 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fara yi wa layuka rajista da hoto da zanen yatsa. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambar ɗan ƙasa, watau NIN, mai lamba 11. A watan Afrilu na 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Ma'anar wannan ita ce, kowane layi yanzu yana ɗauke da suna, da fuska, da yatsan wani mutum.

Shin hukuma tana da ikon sauraron wayar mutum? Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare asirin ɗan ƙasa: gidansa, da wasiƙunsa, da hirarsa ta waya. Ƙa'idar da NCC ta fitar a 2019 ta ce jami'an tsaro za su iya saurare, amma sai da takardar izini daga alƙali. Idan abin gaggawa ne, kamar ran mutum na cikin haɗari, za su iya farawa, sa'an nan su nemi takardar cikin awa 48. A rubuce ke nan. A aikace kuwa ana samun ƙorafi. A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ, mai hedkwata a Amurka, ta ba da rahoton yadda 'yan sanda a Nijeriya suka bi rajistar kira suka gano na kusa da waɗansu 'yan jarida, suka yi amfani da su wajen kamo waɗanda suke nema. Watau ba laifin mutum kaɗai ke jawo masa kira ba. Har da wanda yake yawan waya da shi.

Mutanen Zamfara sun ga wani ɓangaren ikon hukuma a kan waya. A farkon Satumba na 2021 aka kashe sabis a jihar baki ɗaya, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Daga baya abin ya shafi waɗansu ƙananan hukumomi a Katsina da Sakkwato da Kaduna. Da farko mako biyu aka ce, amma a wurare da dama ya kai kusan wata uku. Mai son jin lafiyar ɗan'uwansa sai ya yi doguwar tafiya kafin ya sami inda zai yi kira.

Nan jama'a sukan yi wata tambaya, kuma tambaya ce mai kyau. Tun da kowane layi yana da mai shi, don me har yanzu masu satar mutane ke kira su nemi kuɗin fansa? Dalilan suna da yawa, kuma nauyin amsa yana kan hukuma. Amma akwai dalili guda da ya shafi talaka kai tsaye. Ɓarawo ba ya kira da layin da ke ɗauke da sunansa. Ko dai ya yi da wayar wanda ya kama, ko da layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba.

Yaya ake samun sunan? Waɗansu samari kan shigo ƙauye da 'yar na'ura, su ce ana rabon tallafi ko taki, kowa ya kawo NIN ɗinsa a ɗauki hotonsa. Waɗansu ma ba sa ɓoyewa, saye suke yi. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi a kan masu bi suna sayen lambar NIN da BVN ta mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su buɗe asusun banki da su don damfara. Naira 2,000 ba ta wuce cefanen yini guda ba. Amma ran da aka biyo sawun kuɗin sata, ƙofar mai sunan za a ƙwanƙwasa. Duk wanda ya zo da maganar tallafi, a tambayi mai unguwa ko dagaci tukuna ko ya san da zuwansa.

Gaskiya kuma ita ce, ba kullum ne laifin daga talaka yake ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100 kacal. Hukumar katin ɗan ƙasa, NIMC, ta ce ba a fasa rumbunta ba. Ko ta ina abin ya yoyo, wanda aka tilasta wa ba da hoto da yatsa yana da haƙƙin a tsare masa amanarsa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023 ta tabbatar da wannan haƙƙi, ta kuma kafa hukumar NDPC don karɓar ƙara.

Duk da haka, yawancin tonon asirin da ake yi a ƙauye ba daga Abuja yake zuwa ba. Daga bakin kasuwa yake. Inda babu wutar lantarki, waya takan yini a shagon mai caji. Takan kwana a wurin mai gyara. Ana kai ta wurin mai tura waƙoƙi da fina-finai. Da yawansu mutanen kirki ne masu neman halaliyarsu. Amma wayar da ba kulle tamkar ɗaki ne da aka bari a buɗe aka tafi gona. Hoton matar aure, da saƙon murya, da alat na banki, duk suna nan. A sa wa waya kulle. In za a kai ta gyara, a cire layi da memori a sa a aljihu.

Shi ma layin yana da nasa kulle dabam, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa. Ɓarawon waya na yanzu ba ƙarfen ya fi so ba, layin yake so. Zai cire shi ya sa a wata waya, ya yi ta dabara har ya kai ga kuɗin da ke banki. Idan an sa wa layi lambar sirri, da an cire shi an mayar sai ya nemi lambar. In aka yi kuskure sau 3 sai ya rufe, ba ya buɗuwa sai da lambar PUK da ke jikin katin da aka ɓalle layin. Don haka wannan kati ba abin yarwa ba ne. A ajiye shi tare da takardun gona. Ran da waya ta ɓace kuwa, banki za a fara sanarwa, kafin a tsaya cigiya.

Akwai kuma masu kira su ce daga banki suke, asusu ya sami matsala, a karanto musu lambobin da aka turo yanzu. Banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Haka ma lambobi 6 da WhatsApp ke turowa. Wanda ya ba da su ya ba da WhatsApp ɗinsa, kuma kafin magariba za a fara roƙon 'yan'uwansa kuɗi da sunansa.

Masu manyan wayoyi su yi hattara da manhajar ba da rance. Kafin ta ba da kuɗi takan nemi izinin ganin lambobin da ke cikin waya. Ran da aka makara biya, sai saƙo ya isa ga suruki da liman da abokin ciniki, wai wane macuci ne. A 2021 hukumar NITDA ta ci wani irin wannan kamfani tarar naira miliyan 10 saboda haka. Amma tarar ba ta goge saƙon daga wayar surukin ba.

Wani abin kuma tsakanin jama'a ne ya-su-ya-su. Ana hira a waya, ɗaya ya danna ɗaukar murya ɗayan bai sani ba, gobe a ji ta a majalisa. Irin wannan ya raba aure, ya raba zumunci. Maganar da mutum ba zai so a maimaita ta a gaban dagaci ba, gara ya taka ya je ya faɗe ta baki da baki.

Wanda kamfanin waya ya yi wa ba daidai ba, ya fara kai kuka ofishinsu. In ba su share masa hawaye ba, ya kira 622, lambar NCC ce, kuma kyauta ce. Mai son a daina damunsa da saƙonnin talla ya rubuta STOP ya aika zuwa 2442.

Saura magana guda. Layin da aka ajiye wajen shekara ba a taɓa shi ba, kamfani na iya sayar wa wani. Idan wannan layi ne aka ba banki, to saƙon kuɗi zai riƙa zuwa hannun baƙo. Mai niyyar barin layi ya je banki a sauya masa lamba tukuna. Haka nan idan mai gida ya rasu, magada su sanar da bankinsa kafin a ba wani wayarsa a cikin rabon gado.