Gwajin jini ko allura? Jawabina ga matasa kan ƙyanda

'Yan uwa matasa, na Madawa, na Buza, na Keita.

Tambaya guda ce ta yi ta maimaituwa tun da muka fara zancen ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro: karnen allurata ya ɓace, in je a gwada jinina in ga ko ina da kariya?

To, gwajin yana nan, kuma iri biyu ne. Akwai IgM, mai nuna cutar ta kama mutum kwanan nan. Shi ne ake ɗiban jinin yaro mai zazzaɓi da ƙuraje a kai Yamai don a tabbatar ko annoba ce ta ɓulla. Akwai kuma IgG, mai nuna jiki ya riga ya san cutar, ko ta hanyar allura ko don an taɓa kwanciya da ita. Wannan na biyun ne wasu jami'o'in waje ke karɓa a madadin karne.

Amma ku ji ra'ayina. In karnenka ya ɓace, allurar ta fi maka gwajin sauƙi. Wanda ke da kariya, in aka sake yi masa, ba ta cutar da shi. Me zai sa ka biya kuɗin mota da na gwaji, alhali in sakamakon ya fito babu kariya, allurar dai za a yi maka? Mai ciki ce ba a yi wa, haka wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai. Su kam gwajin yana da amfani, su nemi likita.

Abin da ya fi damuna ƙannenmu ne. Allurar wata 9 tana kare yara wajen 85 cikin 100 ne kawai, shi ya sa ake ta biyu bayan yaro ya wuce shekara guda. Da biyun, kariya tana kai wajen 97. Ta biyun nan ita ce ke kuɓuce mana: uwa na gona, uba ya tafi cirani Najeriya, yaro na gudu lafiya lau, wa zai tuna? Alhali mai ƙyanda guda yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 inda babu rigakafi. Kuma ko yaro ya warke, cutar tana goge wani ɓangare na kariyar da jikinsa ya tara daga wasu cututtuka, sai ka ga daga ita sai gudawa, sai ciwon haƙarƙari, sai tamowa.

Babu mai bin ƙauyukanmu yana gwada jinin kowane yaro. Karne shi ne shaidarmu. Don haka wannan mako kowa ya buɗe na ƙannensa da 'ya'yan yayyensa, ya ƙirga allurar ƙyanda. In guda ce, ko babu, a kai yaron CSI mafi kusa. Rigakafin yara kyauta ne. In aka ce muku ta ƙare, ku rubuta ranar da sunan wurin, ku turo mana a wannan shafi.