Adireshin Shafi Amana Ne

Laccar da aka gabatar wa matasa masu harkar kwamfuta a Hotoro, Kano



A shekarar 2017, bayan rasuwar Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, aka sauya wa Jami'ar Northwest suna zuwa Jami'ar Yusuf Maitama Sule. A 2022 kuma Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil ta koma Jami'ar Aliko Ɗangote. Sauyin suna a takarda yake farawa, amma nauyinsa kan mai kula da saba yake faɗawa, domin tsohon adireshi yana nan a jikin fom da takardun hukuma da wayoyin ɗalibai. Wanda ya ba jama'a adireshi ya ɗauki alkawari, kuma alkawari kaya ne.

Manhajar Apache, wadda ta fito a 1995, ta ba mu hanyoyi biyu na sauke wannan kaya. Ta farko ita ce Alias, wato laƙabi. Kana iya ajiye sakamakon jarrabawa a can cikin wata ma'ajiya mai dogon suna, ka ce wa saba duk wanda ya nemi /sakamako a ɗauko masa daga can. Adireshin da ɗalibi yake gani ba ya canzawa, ko da ka kwashe fayilolin sau goma. Sai dai a kula: tun daga Apache 2.4, sai ka rubuta Require all granted ga ma'ajiyar da ke wajen gidan shafin, in ba haka ba lamba 403 za ta tare mai ziyara. Idan kuma laƙabi biyu sun yi kama, a sa mai tsawon a sama, domin wanda ya fara dacewa shi saba take ɗauka.

Ta biyu ita ce Redirect, wadda take tura mai ziyara sabon adireshi. Kamar allon kwatance ne a gadar Hotoro: wanda ya fito daga Unguwa Uku ba sai ya tsaya tambaya ba. Lamba 301 tana nufin an tashi ke nan, 302 kuwa ƙaura ce ta ɗan lokaci. Kada ku yi gaggawar sa 301, saboda birawuza tana riƙe ta, gyara daga baya yana da wuya.

To, sai saitin da saba take zuwa da shi. Idan mutum ya nemi ma'ajiya bai ambaci fayil ba, saba za ta nemi index.html. Idan babu, kuma Indexes yana kunne kamar yadda yake zuwa a Ubuntu, sai ta baje masa sunan duk fayilolin da ke ciki. Ku ɗauka asibiti ne ko makaranta: sirrin mutane ya fita ba tare da ɓarawo ya fasa komai ba. Layi ɗaya, Options -Indexes, ya isa. Haka nan idan saba ɗaya tana ɗauke da shafuka da yawa, wanda ya zo da sunan da ba ta sani ba shafin farko za ta miƙa masa. A Nginx, wadda Igor Sysoev ya fitar a 2004, default_server ne yake tantance shafin da za a miƙa.

Akwai wani saiti da ya shafe mu kai tsaye. In ba a sanar da birawuza cewa rubutun UTF-8 ne ba, haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna iya rikiɗewa su zama shirme. A Apache, AddDefaultCharset UTF-8 yana maganin wannan.

Saboda haka, kafin ku karɓi kuɗin aiki, ku gwada saitin da apachectl configtest ko nginx -t, sannan ku buɗe tsohon adireshin a ƙaramar waya irin wadda ake saya a Farm Centre, domin da ita mafi yawan masu ziyararku za su shigo. Allah Ya sa albarka a sana'arku.