Takarda da Shaida Su Ne Garkuwar Talaka

Jawabi ga wakilan ƙungiyoyin manoma, direbobi da mata na Wurno, Rabah da Goronyo

  

Mu ba lauyoyi ba ne. Aikinmu shi ne rijiya, iri, taki da ƙungiyoyin adashi. Amma duk ƙauyen da muka shiga, da an gama maganar taki sai wani ya ja mu gefe ya ce yana da tambaya. Tambayoyin nan ba su cika wuce uku ba: bashi, haɗarin mota ko babur, da sharrin da aka ƙulla wa mutum. Mun kai su wurin masana doka, ga abin da muka samo.

1. Bashi

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Manomin shinkafa a fadamar Wurno yana karɓar taki da man injin ban ruwa sai kaka. Mai albasa a Goronyo yana ba dillali buhuna sai an dawo daga Kudu. Yawanci da baki ake yi, saboda kunya da zumunci.

Wani manomi ya zo mana da kuka. Ya ba wani dillali albasa buhu talatin, dillalin ya biya kuɗin goma, sannan ya ce ai ashirin ya karɓa. Muka tambaya ko akwai takarda, babu. Shaida fa? Mutum ɗaya ne, shi ma ya tafi ci-rani. Har yau bai ga kuɗin buhu goman nan ba.

Don haka ku rubuta. Sunan mai bayarwa da mai karɓa, adadi, ranar biya, sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu. Da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Malamai sun fi mu sani cewa aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, a kan rubuta bashi take. Idan ta waya aka tura kuɗi, kada a goge saƙon banki.

In mutum ya ƙi biya, a fara da dattawa, mai unguwa ko hakimi. In abin ya faskara, a tafi kotu. Musulmi suna da kotunan shari'a, ga kuma kotun majistare wadda ƙofarta a buɗe take ga kowa. Ofishin 'yan sanda ba wurin karɓar bashi ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uba saboda ɗansa, ko mata saboda mijinta. Sai dai wanda ya karɓi kaya da yaudara, wannan zamba ce, kuma laifi ne.

Ku da ake bi, kada ku ɓuya. Waɗanda suka ga ambaliyar kogin Rima ta watan Satumba 2010 sun san gona tana iya tafiya cikin dare ɗaya. In haka ta faru, je ka da kanka tun kafin ranar biya, ku sa sabuwar rana, ku rubuta ta.

2. Inshorar mota da babur

Da yawanmu mun ɗauki takardar inshora abin nuna wa jami'ai ne a shingen hanya. Ba haka ba ne. Doka ta tilasta wa kowane abin hawa inshorar da ke biyan mutumin da ka yi wa ɓarna. Ba ta gyara motarka. Amma in ka buge wani a hanyar Achida, ko ka fasa masa shago, kamfanin ne zai ɗauki nauyin jinya, diyya da gyara, maimakon ka sayar da gona.

Daga 1 ga Janairu 2023, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta mai da kuɗin motar gida naira 15,000 a shekara, daga naira 5,000. Abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiya ya tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke Napep naira 5,000, babur naira 3,000. Daga 1 ga Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka tsananta binciken wannan takarda a duk ƙasa.

Babbar matsala ita ce takardar jabu. Mun ga ɗan kabu-kabu da ya ba wani ɗan kamasho kuɗi, aka kawo masa takarda mai hatimi. Ranar da ya karya ƙafar wata yarinya, aka duba, kamfanin bai san da shi ba. Babur ɗin ya sayar ya yi jinya. Ku duba taku tun yau: ku danna *565*11# a waya, ku sa lambar abin hawanku, za a nuna ko tana cikin rajista. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful mai bin tsarin Musulunci, wanda NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013.

In haɗari ya auku, a kai wanda ya ji rauni asibiti tukuna. A sanar da 'yan sanda, a ɗauki hoto, a rubuta sunayen shaidu, a gaya wa kamfani ba tare da jinkiri ba, a ajiye kowane rasit.

3. Sharri da ƙazafi

Wannan shi ne mafi nauyi. Tun harin Tabanni a ƙasar Rabah cikin Yuli 2018, wanda ya kora jama'a zuwa Gandi, da harin kasuwar Goronyo na 17 ga Oktoba 2021 inda mutum sama da 40 suka rasu, zukata a tsorace suke. Masu kai wa ɓarayin daji rahoto suna nan, ba mu musa ba. Amma yau kalma ɗaya, “infoma ne”, tana iya kashe mutum kafin la'asar. Wani lokaci kuma in an tona, sai a tarar rikicin iyakar gona ne, ko bashi, ko neman aure.

Wanda yake da hujja ya kai wa hukuma, kada ya kai wa taron kasuwa. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 36, ya ce mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 35 ya ba wanda aka kama ikon yin shiru har ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu cikin nisan kilomita 40. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Kada ku dangwala hannu a takardar da ba a karanta maku da Hausa ba.

Mai ƙulla sharri shi ma ya sani: kai wa hukuma rahoton ƙarya laifi ne, ɓata suna laifi ne. A dokar shari'a da Jihar Sakkwato ta ɗauka a 2000, Musulmin da ya yi ƙazafin zina ba tare da shaidu huɗu ba, hukuncinsa bulala 80 ne. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da agajin lauya kyauta ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, ko na hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Dukansu suna da ofis a Sakkwato.

Abin da muke roƙo

Kowace ƙungiya ta sayi littafi ɗaya, ta zaɓi mutum ɗaya mai rubutu wanda zai riƙa shigar da basussukan 'ya'yanta. Shugabannin direbobi da 'yan kabu-kabu su duba takardun yaransu kafin kasuwa mai zuwa. Iyayenmu sarakuna, muna roƙon duk wanda ya kawo ƙarar wani a tambaye shi abu biyu: da idonka ka gani? Akwai wata tsohuwar rigima tsakaninku?

 Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.