Halumi, Cukun Awakin Da Ba Ya Tsoron Wuta

A tsibirin Kubrus, can gabashin Bahar Rum, idan maigida ya gayyaci mutane liyafa ba a kan fara da babban abinci ba. Sai a jera ƙananan faranta a bisa tebur, wannan da zaitun, wancan da ganye, wani da kifi, wani kuma da burodi, har su kai ashirin ko fiye, baƙi suna taɗi suna motsa baki kafin nama ya iso. Mutanen tsibirin suna kiran wannan tsari meze. To, a cikin farantan nan duka akwai guda ɗaya wanda in aka rasa shi, lalle baƙi za su koma gida suna cewa liyafa ba ta cika ba, watau farantin soyayyen cuku. Girkawan tsibirin suna ce masa halumi, Turkawansa kuwa suna ce masa helim.

Duk wanda ya zauna Turai ya san halin cuku da wuta. Yawancinsa da ya ji zafi sai ya narke, ya malale a kasko, ya manne, uwargida ta rasa abin ɗauka. Shi halumi ba haka yake ba. Ana yanka shi kamar tsokar nama, a sa shi a kasko ko bisa garwashi, bayansa ya yi ja, cikinsa ya yi laushi, amma yana nan yadda aka yanka shi. Dalilin wannan yana cikin yadda ake yinsa.

Tun asali da madarar awaki da ta tumaki ake yi, aikin matan ƙauye ne, kuma marubutan ƙarni na 16, zamanin da mutanen Benis ke mulkin tsibirin, sun ambace shi. Akan ɗumama madara kaɗan, sa'an nan a zuba mata abin daskarar da ita, wanda a da ake samu daga tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya mai shan nono. Idan ta daskare sai a yayyanka ta, a tsame gudajin, a matse su har su zama dunƙule. Ruwan da ya tsatso ba a zubar da shi. Akan mai da shi wuta, wani farin abu mai laushi ya taso a kwashe, shi ma cuku ne mai zaman kansa da suke kira anari. Bayan haka ne ake yin abin da ya raba halumi da 'yan'uwansa: sai a jefa dunƙulen nan cikin ruwan mai zafi, wajen digiri 90 a ma'aunin santigireti, a bar su suna dahuwa rabin sa'a ko fiye, har su taso sama. A tsame su, a barbaɗa gishiri da ganyen na'ana'a, a ninke kowane gida biyu tun da zafinsa. Wannan ninki shi ne tsagar da mai saye kan gani a tsakiyar dunƙulen, har wani ya yi tsammani lalacewa ya yi.

Masana sun bayyana abin da dafuwar ke yi. A cikin yawancin cuku akwai ƙwayoyin halitta masu sa tsami, kamar waɗanda ke mai da madara kindirmo, shi kuwa tsami yana kwance sinadarin kalsiyam da ke ɗaure furotin ɗin madara, shi ya sa in an sa wuta sai kome ya saki. Halumi kuwa an dafa shi tun bai yi tsami ba, zafin ya kashe ƙwayoyin, ɗaurin ya tsaya daram. Daga nan ne kuma yake samun ɗan ƙaran nan da ya kan yi a haƙori in ana tauna shi, abin da yara ke so, wasu manya kuwa ba sa so.

Mai sauraron da ya taɓa cin wagashi a zangon Kumasi ko Akara, ko a arewacin Binin, ba zai ji wannan labari baƙo ba. Matan Fulani suna daskarar da madarar shanu da ruwan ganyen tumfafiya, suna dafa ta a wuta, cukun da ke fitowa kuwa shi ma ba ya narkewa, ana soya shi a mai a ci da yaji, ko a jefa shi a miya. Hikimar ɗaya ce, ko da yake tsakanin wuraren biyu akwai hamada da teku. Bambancin shi ne wagashi ba shi da gishiri sosai, ba ya kuma daɗewa sai ana tafasa shi a kai a kai, halumi kuwa ana ajiye shi cikin ruwan gishiri ya yi watanni.

To, yaya ake soya shi don baƙi? Abu na farko da ke ba sabon shiga kunya shi ne gishiri. Halumi ya zauna cikin ruwan gishiri, wanda ya tsufa kuwa, watau ya yi kwana 40 ko fiye a ciki, ya fi ƙarfi ya kuma fi gishiri. Saboda haka ba a ƙara masa ko ƙwaya, kuma mai hankali ya kan jiƙa yankakken a ruwan sanyi kamar rabin sa'a, sa'an nan ya tsane shi da tsumma mai tsabta har ya bushe. Tsanewar ba abin rainawa ba ce, gama cuku mai jiƙe in ya sadu da mai sai ya yi ta tartsatsi, kuma maimakon ya soyu sai ya dahu, ya fito fari fat ba sha'awa.

Kaurin yanka ya zama kamar na ɗan yatsa, wajen santimita 1. In ya fi haka siranta zai bushe ya zama kamar fata, in ya fi kauri bayansa zai ƙone alhali cikinsa bai ji wuta ba. Dunƙulen da ake sayarwa a kanti yawanci giram 225 ne ko 250, ya kan ba da yanka 8, saboda haka mai baƙi 20 ya tanadi dunƙule 5, kowa ya sami biyu. Kasko ya yi zafi tukuna, a ɗiga man zaitun kaɗan, cokali guda ya isa, a jera yankan ba tare da sun matsi juna ba. Da farko za su fid da ɗan farin ruwa. A nan ne gaggawa ke ɓata aiki, domin mai suya ya kan ga kamar abin ya lalace ya shiga jujjuyawa. A ƙyale su. Ruwan zai ƙafe, gindinsu ya soma ja, bayan minti 2 a juya, ɗaya gefen ba ya kai haka ba.

Amma fa halumi yana da wani hali wanda ya kamata mai liyafa ya sani tun kafin baƙi su yi sallama. Daɗinsa na 'yan mintoci ne. Da ya huce sai ya yi tauri, ya koma kamar roba, sake ɗumama shi kuwa ba ya mai da shi yadda yake. Wanda ya soya tun la'asar don baƙin magariba ya yi asarar kuɗinsa. Abin da ake yi tun da wuri shi ne yanka, da jiƙo, da tsanewa, da shirya abin da za a haɗa, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Suyar kanta sai mutane sun zauna, a yi ta kashi kashi, faranti na fita wani na kan wuta.

Abin haɗi kuwa, mutanen Kubrus da bazara ba su da kamar kankana mai sanyi: zaƙi da ruwa a gefe guda, gishiri da zafi a ɗaya gefen. Wasu su kan matsa lemon tsami kawai. Wasu su kan ɗiga zuma su barbaɗa soyayyen riɗi, wannan kuwa ya fi dacewa da liyafa, don ana iya yanka cukun ƙanana a soke kowane da tsinke, baƙo ya ɗauka yana tsaye ba sai ya nemi cokali ba. A Ingila an ƙago wata hanya, a yanka shi dogo dogo kamar dankali, a birkiɗa shi a fulawa, a tsoma a mai mai yawa. Yana da daɗi, ba a musu, sai dai man ya kan danne ƙanshin madarar, wanda shi ne aka biya kuɗi dominsa.

Faransawa su ma suna da nasu soyayyen cukun awaki, amma nasu wani iri ne dabam, fari mai taushi mai ɗan tsami, wanda ake yi musamman a kwarin kogin Luwar da yankin Fuwatu. Mutanen wurin suna da labari cewa rundunar Larabawan da aka ci da yaƙi kusa da Fuwatiye a 732 ita ta bar musu awaki da sana'ar, ko da yake masana tarihi sun ɗauki wannan hira ce kawai, domin ana kiwon awaki a ƙasar tun kafin lokacin. Irin wannan cuku ba ya jure kasko tsirara, sai an yi masa riga. Akan yanka shi da zare, don wuƙa tana dagargaza shi, ko a mulmula shi kamar ƙwallon yara, a sa a fulawa, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa a garin busasshen burodi, sa'an nan a sa a firiji rabin sa'a ya ƙanƙame. Mai ya kai digiri 180, suyar kuwa minti guda ce ko ƙasa da haka. In rigar tana da ƙofa ko kaɗan, cukun zai tsiyaye cikin mai a tsamo ɓawo fanko, shi ya sa ƙwararru ke maimaita ƙwai da garin burodi sau biyu.

A koma Kubrus, inda cukun nan ya wuce zancen tebur ya zama zancen arziki da siyasa. Halumi yana cikin manyan kayan da tsibirin ke sayarwa ƙasashen waje, Ingila ce kuma babbar mai saye. Da kasuwa ta buɗe haka, madarar awaki da tumaki ta kasa. Dabbobin nan suna da lokacinsu, nononsu ya kan yi yawa daga hunturu zuwa bazara sa'an nan ya janye, saniyar gona kuwa ana tatsarta shekara duka, madararta ta fi yawa ta fi araha. Sai masana'antu suka dinga ƙara ta shanu, har ta rinjayi sauran a cikin yawancin abin da ake fitarwa. Masu awaki suka ce wannan ba halumin kakanninsu ba ne. Masu shanu da masu masana'antu suka ce in an hana su, ba za a sami abin cika jiragen ba, kasuwar da aka sha wuya aka gina sai ta koma hannun masu kwaikwayo a wasu ƙasashe.

A 2014 gwamnatin Kubrus ta nemi Tarayyar Turai ta kare sunan, yadda ba wanda zai sayar da cuku a ƙasashen Tarayyar da sunan halumi sai wanda aka yi a tsibirin bisa ƙa'ida. Nan kuma wata matsala ta ɓullo, domin tsibirin a rabe yake tun 1974, Turkawa a arewa, Girkawa a kudu, kowane ɓangare kuwa yana cewa cukun nasa ne. A 2015 shugaban Hukumar Tarayyar na lokacin, Jean-Claude Juncker, ya zauna da shugabannin ɓangarorin biyu, Nicos Anastasiades da Mustafa Akinci, suka yi fahimtar juna a kan batun. Duk da haka sai a 2021 aka yi rajistar, da sunayen biyu tare, halumi da helim, ta kuma haɗa tsibirin duka. Mutanen da suka shekara kusan 50 ba su shirya a kan ƙasa ba, ga shi an rubuta sunansu a takarda guda saboda cuku.

Ƙa'idar ta ce madarar awaki ko ta tumaki, ko su biyun a haɗe, dole ta fi ta shanu yawa. Ta kuma hana amfani da abin daskararwa na alade, abin da zai kwantar da hankalin Musulmi masu saye. Amma da yake garkunan tsibirin ba su kai su ba da madarar da ake bukata ba, sai aka ba masana'antu wa'adi su yi ta ƙarawa sannu a hankali, da wa'adin ya zo ƙarewa a 2024 kuwa aka ɗaga shi zuwa 2029. Kafin nan ana ta ƙoƙarin yawaita garkuna da kyautata iri, musamman akuyar Sham mai dogon kunne, wadda aka daɗe ana kiwo a tsibirin saboda yawan nononta.

Wannan gardama tana isa har kaskon mai liyafa a Landan ko Jidda. Halumin da madarar shanu ta yi wa yawa ya fi santsi, ɗanɗanonsa bai da ƙarfi, kuma ya fi saurin zama roba in ya huce. Na awaki da tumaki ya fi tsada, amma ya fi maiƙo da ƙanshi, ya kan kuma yi laushi a ciki yadda ake so. A bayan kowace leda an jera irin madarar da aka yi amfani da ita, wadda ta fi yawa ita ake fara rubutawa. Mai neman na awaki sai ya juya ledar ya duba wace dabba aka fara ambata kafin ya kai kuɗinsa ga mai kanti.