Fensiri da Fiffiken Jirgin Sama



An nemi in yi magana kan darasin tsatsa, ni kuwa zan fara da amsa laifina. Na yi shekaru ina gaya wa yara cewa ƙarfe yana tsatsa, amma alminiyam, wato sanholon da ake ƙera tukwanenmu da shi, babu abin da ke cin sa. Ashe rabin gaskiyar nake koya musu. Sauran rabin na same shi ne wajen karanta labarin masu haɗa ƙananan jiragen sama a gida.

A Amurka doka ta yarda mutum ya haɗa jirginsa, muddin shi ya yi fiye da rabin aikin. Dubban mutane sun sayi sassa daga kamfanin Van's Aircraft sun haɗa da hannunsu. Ba baƙon abu ba ne gare mu, domin jirgin Air Beetle da aka haɗa a Kaduna don horar da matuƙan sojan sama daga samfurin RV-6A na wannan kamfani ya samo asali.

Alminiyam tsantsa yana kare kansa: da zarar ya sha iska sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani. Sai dai yana da laushi, ba zai yi fiffike ba. Don haka ake gauraya shi da jan ƙarfe, kimanin kashi 4 cikin 100. Ƙarfinsa ya ƙaru, amma jimirinsa ga danshi ya ragu. Maganin da aka samo tun 1927 shi ne a lulluɓe fallen da alminiyam tsantsa ciki da baya, ana kiran sa Alclad. A siraran fallaye wannan mayafi bai kai kaurin takarda ba, karce ɗaya mai zurfi ya isa ya keta shi. Ɓarnar kuma ba ja ba ce kamar tsatsa, farin gari ne mai kama da toka, wanda yakan ɓuya inda falle ya hau falle.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne fensiri. Ana gargaɗin masu haɗa jirgi kada su ja layi da shi a kan alminiyam. Baƙin sinadarin cikinsa, idan ya haɗu da danshi, sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma ke zaizayewa. Fensirin nan da muke raba wa 'yan aji ɗaya! Haka lamarin yake idan wani ƙarfe na daban ya taɓa fallen ba tare da shamaki ba.

Suna da tsohuwar gardama kan shafa fentin kariya a ciki kafin a buga ƙusoshi. Wasu sun ce ƙarin nauyi ne da ɓata lokaci, ga shi tsohon fentin, mai ruwan ɗorawa da ratsin kore, yana da guba. Ni dai ina tare da masu shafawa, musamman ga mazauna bakin teku, inda iska ke ɗauke da gishiri. In an rufe fiffike, hannu ba ya sake kaiwa wurin.

Roƙona ƙarami ne. A samu gutsuren tsohuwar tukunya biyu, a goge su, a naɗa wa ɗaya wayar jan ƙarfe, a sa kowanne a nasa kofin ruwan gishiri. A bar su mako biyu a kusurwar aji, yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubuta abin da suka gani.