Ƙiyasin Kwamfuta Wajen Ƙayyade Awon Maganin Yara: Fa'idarsa da Iyakarsa



Gabatarwa

Mas'alar da ke gabanmu tsohuwa ce, wato yadda likita zai san awon maganin da zai warkar da yaro ba tare da ya cuce shi ba, alhali kuwa galibin magunguna a jikin manya ake gwada su kafin a fito da su kasuwa. Magabata sun nemi sauƙin al'amarin da ƙa'idar Young wadda ta dogara ga shekaru, da ta Clark wadda ta dogara ga nauyi, dukansu biyu kuwa sun ɗauka cewa bambancin yaro da babba a girman jiki kaɗai yake. Kuskuren wannan zato ya bayyana a shekarar 1959, sa'ad da likitoci a Amurka suka ba da rahoton jarirai, musamman bakwaini, waɗanda aka yi wa magani da chloramphenicol, jikinsu ya koma launin toka, da yawansu suka rasu, saboda hantarsu ba ta ƙosa ta sarrafa maganin ba, sai ya yi ta taruwa cikin jini har ya zama dafi.

Yadda Lissafin Yake Aiki

Hanyoyi biyu ne suka shahara. Ta farko asalinta daga Torsten Teorell na ƙasar Suwidin ne, wanda a 1937 ya siffanta jikin mutum da lissafi a matsayin gaɓoɓin da jini ke sadarwa, ko da yake nauyin lissafin ya hana a ci moriyarsa sosai har sai da kwamfuta ta yawaita. A yau manhajoji irin su Simcyp, wadda ta fito daga Jami'ar Sheffield ta Ingila, da PK-Sim wadda kamfanin Bayer na Jamus ya ƙirƙiro, ana ɗura musu girman hanta da ƙoda, da gudun jini, da yadda kowanne ke sauyawa da shekaru: cewa ruwa ya kai kusan kashi 75 cikin ɗari na jikin jariri alhali na babba wajen kashi 60 ne, cewa tacewar ƙoda ba ta kamo ta manya sai yaro ya kusa shekara guda, cewa rabin maganin caffeine da ake ba bakwaini domin numfashi yakan ɗauki kusan sa'a 100 kafin ya bar jininsu, alhali a babba sa'a 5 ta isa. Daga nan sai kwamfuta ta ƙago dubban yara na lissafi, a jarraba awo iri-iri a kansu, ba a huda jijiyar kowa ba.

Hanya ta biyu ita ce ta Lewis Sheiner da Stuart Beal na San Faransisko, waɗanda a ƙarshen shekarun 1970 suka samar da manhajar NONMEM. Falalarta ita ce, maimakon a ɗebi jinin yaro guda sau goma, alhali jinin jariri wajen mililita 85 ne kawai a kowane kilo, sai a ɗebi kaɗan sau biyu ko uku daga yara masu yawa, lissafi ya haɗa tarkacen ya fitar da sura guda.

Wanda ya karanta usulul fiƙihu zai gane cewa wannan ƙiyasi ne: babba shi ne asali, yaro reshe, illar da ta haɗa su ita ce yawan maganin da ke cikin jini, hukunci kuwa shi ne awo. Sharaɗinsa kuma sananne ne, domin idan cutar ba ta tafiya a jikin yaro yadda take a jikin babba, to an yi ƙiyasi ma'al fariƙi, wato ƙiyasi tare da bambanci, hukuncin kuwa ya ɓaci.

Misalin Artesunate

Hujjar da ta fi kusa da mu ita ce allurar artesunate ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Da can miligiram 2.4 ake bayarwa a kowane kilo, yaro da babba, har lissafin da aka gina a kan jinin yaran Afirka ya nuna cewa ƙananan yara ba sa samun maganin a jininsu gwargwadon yadda manya ke samu. Saboda haka a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga awon zuwa miligiram 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba. Amma da hukumar magunguna ta Amurka ta halatta maganin a 2020, sai ta tsaya a kan 2.4 ga kowa, ita ma da nata lissafin. Wannan saɓani ya isa ya karantar da mu cewa natijar kwamfuta tana bin bayanan da aka ba ta da zaton da aka ɗora ta a kai, sa'an nan ba ta zama yaƙini sai an tabbatar da ita a jikin marasa lafiya na haƙiƙa.

Kammalawa

Yaron da tamowa ta kama, ko mai amosanin jini, hantarsa da ƙodarsa da sinadaran jininsa sun saɓa wa na lafiyayyen yaron da aka fi gina waɗannan manhajoji a kansa, kuma irinsu ne suka cika ɗakunan yara a asibitocinmu. Don haka ina kira ga asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai su horar da masana wannan fanni, su tattara bayanan yaranmu da yardar iyayensu da izinin kwamitin kare haƙƙin majinyata, hukumar NAFDAC kuma ta riƙa tambayar masu kawo magani a kan waɗanne yara aka yi lissafin awonsa.