Amsoshin Wasiƙunku: Yarona Zai Zaɓi Darasin Aikin Gona, Ko Zai Kai Shi Ga Aikin Gwamnati?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga unguwar Kambarawa a cikin birnin Katsina, daga wani bawan Allah manomi kuma mai sayar da hatsi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce ɗansa yana babbar sakandare, an ce wa yara kowa ya zaɓi darussan da zai rubuta a jarrabawar fita, shi kuwa yaron ya kafe sai darasin aikin gona, don abokansa sun ce ya fi sauƙin ci. Malamin ya ce shi dai burinsa yaron ya sami aikin gwamnati, bai sa shi boko don ya komo wa fartanya ba. Shin ya bar shi, ko ya hana shi?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Amsa a taƙaice ita ce ka bar shi ya ɗauka. Amma akwai sharaɗi, kuma saboda sharaɗin nan ne na ware wa wasiƙarka filin yau gaba ɗaya.

Da farko bari mu kawar da zancen sauƙi. Yara da yawa suna ganin tunda a gidan noma aka haife su, ai sun gama cin wannan darasi tun kafin a raba takarda. Ba haka abin yake ba. A jarrabawar WAEC takardu uku ake yi: akwai ta zaɓen amsa, akwai ta dogon rubutu, sannan akwai ta gani da ido, inda za a jera wa yaro ƙasa iri-iri, da taki, da iri, da ƙwari, da kayan aiki a kan tebur, a ce ya faɗi sunan kowanne da amfaninsa ko ɓarnarsa. Duk kuwa da Turanci. Ɗanka ya san wuta-wuta tun yana ƙarami, ya sha cire ta a gonar dawa. To ya san sunanta na littafi? Zai iya rubuta yadda take maƙale wa saiwar dawa tana shanye mata abinci? A nan ne ɗan manomi kan faɗi, ɗan ma'aikacin da bai taɓa riƙe hauya ba ya wuce shi, don kawai shi ya zauna ya karanta.

Yanzu ga sharaɗin. Darasin aikin gona shi kaɗai ba ya buɗe ƙofa. In yaro yana son karatun noma a gaba, sai ya haɗa shi da Kemistiri, wato ilmin sinadarai, da Lissafi, da Turanci, in da hali har da Fiziks da Bayoloji, ya kuma sami kiredit a darussa biyar. Na sha ganin yaron da ya ci aikin gona da kyau, amma ya gudu daga Kemistiri don tsoro, ya zo neman shiga jami'a aka ce babu hanya. Shekara guda ta tafi, uba ya sake sayar da buhunan masara ya biya kuɗin jarrabawa. Saboda haka kada ka tsaya jin ta bakin yaro kawai. Ka sa rigarka ka je makarantar, ka nemi malamin da ke lura da rajista, ya karanto maka jerin darussan da aka rubuta wa ɗanka ɗaya bayan ɗaya. In ba ka ji Kemistiri a ciki ba, a gyara tun kafin a aika da sunaye.

Batun aikin gwamnati kuwa, ba zan ruɗe ka ba. Hukumar ɗaukar ma'aikata ba ta ɗaukar mutum malamin gona don ya ci darasi guda a sakandare, takardar da ya samo a gaba ake dubawa. Mai ƙaramar difloma kan fara daga mataki na 6, mai digiri daga mataki na 8, digirin noma kuwa shekara biyar ake yi. Wuraren karatun ba su yi mana nisa ba. Ga Kwalejin Aikin Gona ta Samaru a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. Dattawa za su tuna yadda shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya baza malaman gona cikin ƙauyuka. Irin wannan aiki ne hukumar KTARDA ta gada a Jihar Katsina. Sai dai masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba, kuma ba wanda zai yi maka rantsuwa cewa ɗanka zai samu.

Abin da ya sa duk da haka na ce a bar shi, shi ne wannan darasi yana biyan mai shi ko da takardar ɗaukar aiki ba ta zo ba. Ga misali daga kasuwarka. Buhun yuriya mai kilo 50, kashi 46 cikin ɗari na abin da ke ciki sinadarin naitirojin ne, wanda ke sa ganye ya yi kore shar, wato kilo 23 ke nan. Buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi yake da shi, sauran ƙarfinsa na saiwa ne da ƙwaya. Ka ga sai an tara buhun kamfa uku kafin a kamo yuriya ɗaya ta wannan fuska. Yaron da ya gane wannan ba zai bari ka zuba kuɗi inda bai kamata ba. Zai kuma gaya maka dalilin da ya sa iyayenmu ke haɗa gero da wake: saiwar wake da ta gyaɗa suna tara wa ƙasa wannan sinadari kyauta.

Ni kaina, lokacin da nake kwalejin horon malamai, gonar makaranta wurin horo ce. Wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake miƙa wa fartanya. Da wannan muka taso muna ganin noma hukunci ne, kuma ina jin ƙanshin wannan tunani a wasiƙarka, Malam, kada ka ji haushina.

In damina ta faɗi, ka yankar masa kunya goma a gefen gonarka. Ka ba shi littafi ya riƙa rubuta ranar shuka, da irin da ya sa, da yawan taki, da abin da ya girba, ya auna da tiya. Rabin abin da za a jera masa a tebur ranar jarrabawa zai riga ya taɓa shi da hannunsa. In kaka ta yi, ka sake rubuto mana mu ji kunyoyin wa suka fi cika buhu, naka ko nasa.